Ɗaga tantanin sainos: wane cikon ƙashi ya fi zama?

Mai tambaya: Salamu alaikum likitoci. Za a yi dashen haƙori, amma ƙashin da ya rage a muƙamuƙin sama milimita 3 ne, za a buɗe taga ta gefe a ɗaga tantanin sainos (kogon iska da ke saman haƙoran baya) a cika ƙashi. Na jikin majiyyaci, na saniya, ko na haɗi (wanda aka ƙera da sinadarai)? Me kuke gani a aikace?

Likitan dashe: Wa alaikumus salam. A milimita 3 da wuya dashe ya kama a zama ɗaya, a cika tukuna a jira. Na jikin majiyyacin, daga haɓa ko bayan muƙamuƙin ƙasa, shi ya fi saurin zama ƙashi mai rai, wata 4 zuwa 6, domin da ƙwayoyin halittarsa masu rai yake zuwa. Aibinsa biyu: rauni na biyu, kuma yana zaizayewa, tsayin da aka gina ya ragu. Na saniya irin Bio-Oss ba ya narkewa da wuri, ko bayan shekaru ana samun ɓurɓushinsa a wurin, shi ya sa yake riƙe tsayi. Sai dai a ba shi wata 6 zuwa 9. Ni na fi yarda da gauraya: na saniya ya fi yawa, a zuba masa ƙashin da aka kankaro wajen buɗe tagar.

Likitar dasashi: Haka ne, Likita. Ƙari ɗaya: girman ƙwayar cikon. Mai milimita 1 zuwa 2 ta fi dacewa da babban kogo, tana barin hanya jini ya ratsa. Kuma kada a danna da ƙarfi. Cikon da aka cusa har ya toshe ƙofar da sainos ke zubar da majina cikin hanci, shi ke jawo kumburi da ruɓa.

Mai tiyatar baki: Na haɗi ma kada a raina shi. Beta-TCP (wani sinadarin kalsiyam) zalla yakan narke kafin sabon ƙashi ya cike gurbinsa. Wanda aka haɗa da haidroksi'afatait (sinadarin da ke cikin ƙashi), shi kashi 60, Beta-TCP kashi 40, ya fi tsayawa. Amma gaskiya abin da ya fi ɓata aiki ba cikon ba ne, yagewar tantani ne. Ƙaramar yaga, a rufe da tantanin kolajin a ci gaba. In ta wuce milimita 10, gara a rufe a dawo bayan ta warke, don ƙwayoyin za su zube cikin kogo. A duba hoton CBCT (sikanin ƙashin muƙamuƙi) tun farko saboda katangar ƙashi a cikin kogon da jijiyar jinin da ke bin bangon gefe.

Likitar dasashi: Kuma a faɗa wa majiyyaci tushen abin da za a sa masa kafin ya sa hannu. Bio-Gide, wani tantanin kolajin, na alade ne, ba kowa zai amince ba. Bayan aiki, mako 2 ba fyace hanci, atishawa baki a buɗe, ba sigari.