Kalmar surukuwa a harshen Indiya, daga ina ta hito?

Ɗan Zariya 2:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare muna kallon him ɗin Indiya a gida, amaryar cikin him ɗin na ta ce ma uwar mijinta "sas", sai innarmu ta ce ashe su ma sarakuwa suke cewa kamar mu. Maganar ta tsaya mani a rai har yanzu. Don Allah masana, akwai dangantaka ko kuwa?

Mushen Lakwal:
Wa alaikassalam ƙanena. Babu dangantaka, sautin s ɗin ne kawai ya zo ɗaya. Hausa dangin harsunan Cadi ce, Hindi kuwa danginta su ne Faransanci da Rashanci da Latin. Asalin kalmar a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, "shvashru" ne, to da mutanen gari suka riƙa faɗinta a harsunan da ake kira Farakirit, waɗanda sarki Ashoka ya sa aka sassaƙa dokokinsa da su a kan duwatsu ƙarni 3 kahin haihuwar Annabi Isa, sai baki ya sauƙaƙa ta, sh ta koma s, v ta faɗi, r ta narke cikin s ta zama "sassu". Kamar yadda mu nan a saurin magana wasu haruffa kan haɗiye juna. Daga baya aka rage s guda aka ja wasalin, "saasuu", Hindi ta yar da u ɗin ƙarshe. Marathi, wani harshen Indiya, har yau saasuu take cewa. Latin ma "socrus" ne, jijiya guda.

Maman Hadiza:
Mushe sannu da ƙoƙari. To su ma kalma guda ce da matar ɗa? Don mu nan ni surukuwar uwar mijina ce ita ma surukuwata ce, ko sunanta ban taɓa kamawa ba shekara 14, "Inna" nake cewa kai a ƙasa.

Mushen Lakwal:
A'a Hajiya, sun raba. Matar ɗa "vahuu" ce a Farakirit, ita ta zama "bahuu" a Hindi. Abin da ya burge ni, su biyun a Farakirit ajin nahawu guda ne, sunan mace mai ƙarewa da dogon u, jam'i saasuu-o, in za a ce "na surukuwa" saasuu-e. Suruki namiji kuma "sasura".

Ɗan Zariya 2:
Na gode ƙwarai Mushe, Allah shi ƙara sani. Bari in kai ma Inna bayani in ta hito daga sallar isha'i.