Tsoron mutuwa ya hana ni barci: waɗanda abin ya taɓa kamawa, me kuka yi?

Tsohon Malamin Makaranta

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na iya rubuta ta. Shekarata 68. Cikin wata 14 na raka abokaina uku makwancinsu. Na ƙarshen, ranar Talata muka yi hira da shi, Alhamis da asuba aka kira ni. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Da rana lafiyata ƙalau, ina wasa da jikoki. Amma wajen ƙarfe 3 na dare sai in farka gabana yana dukan uku-uku, in kama lissafi: mahaifina yana da 71 ya rasu, ke nan saura nawa? In ɗora hannu a ƙirji ina sauraron zuciyata kamar mai jiran ta tsaya. Lambar abokin nan tana cikin wayata har yau, na kasa gogewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunya. Mutum da furfurarsa, yana salla, ya san kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, a ce yana kwana da fargaba kamar yaro? Ko maiɗakina ban gaya wa ba. Nasiha kam na sha ji, ni ma na sha yi wa wasu. Ina son in ji daga bakin waɗanda suka kwana da irin wannan.

Kakar Tagwaye

Wa alaikumus salam, Malam. Na girme ka da shekara 6, kuma na kwana da shi. Bayan rasuwar maigidana na yi kusan shekara fitila a kunne nake barci. Wata rana 'yata ta tambaye ni, "Inna, wai mene ne takamaimai kike tsoro?" Na buɗe baki zan ce mutuwa, sai na ji ba ita ce amsar ba. Tsorona in faɗi a ɗaki ni kaɗai, a kwana a wuni ba wanda ya sani. Da na furta shi sai na ga ashe abu ne mai magani. Yanzu maƙwabciyata tana da makullin ƙofata, 'yata kuma tana kira kullum da safe. Idan ban ɗauka ba sau biyu, ta san abin yi. Fitilar ma na daina barin ta. Ka tambayi kanka wannan tambaya, Malam, kada ka karɓi amsar farko.

Nas Mai Ritaya

Malam, kafin komai ka je a duba ka. Shekara 33 na yi a ɗakin marasa lafiya, don haka ba zan bar wannan ya wuce ba. Firgicin da ke taso wa mutum farat ɗaya, zuciya na bugawa, gumi na karyowa, yana jin kamar ajali ne ya zo, sanannen abu ne, kuma yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin 'yan mintoci ya lafa. Amma mai shekarunka ba a yanke masa hukunci daga nesa. A auna hawan jini, a yi gwajin zuciya, a duba tayirod ɗin da ke wuya, domin idan ya yi aiki fiye da ƙima yana kawo bugun zuciya da rashin natsuwa. Idan kana minshari mai ƙarfi ka faɗa wa likita, akwai waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci su farka a firgice. In duk an duba ba a ga komai ba, damuwar kanta ana maganinta, ta hanyar zama da likitan da ya san aikin, wani lokaci da ƙwayoyi.

Sai kuma nawa. Ni azabar fitar rai nake tsoro, duk da yawan waɗanda suka cika a gabana. Abin da yake kwantar mini da hankali shi ne abin da idona ya gani. Akasarin waɗanda doguwar jinya ta ɗauke, a kwanakin ƙarshe barci ne yake yawaita. Sha'awar ci da sha ta tafi, numfashi ya riƙa zuwa yana ɗan tsayawa. Wannan gurnanin da ake ji a maƙogwaro yawu ne da mutum ya kasa haɗiyewa. 'Yan'uwa yake tayar wa hankali, shi mara lafiyar galibi ya riga ya yi nisa. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa a wannan lokaci ba mu gani, ban isa in yi magana a kai ba. Na jiki nake faɗa.

Na kuma ga waɗanda suka sha wuya, ba zan ɓoye ba, kuma sau da yawa inda maganin ciwo bai wadata ba ne. Wannan yana ƙona mini rai har gobe, domin sanin yadda ake kashe zafin ciwo ba sabon ilimi ba ne. Wata Baturiya, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu jinyar ƙarshe na St Christopher a Landan tun 1967. Ita ta nace a riƙa ba da maganin ciwo a kan lokaci, kada a jira sai mutum ya fara murƙususu. Ta kuma koyar da cewa ciwon mai jinyar ƙarshe ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da damuwar iyali, da ta ruhi. Mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ni na riga na gaya wa 'ya'yana: idan lokacina ya zo da ciwo, ku nema mini magani, kada ku ce in yi haƙuri kawai.

Mai Neman Gafara

Malam, a kan kunyar nan zan yi magana. Shekara 4 da suka wuce aka ce mini sai an yi mini aiki a zuciya. Daren da za a shiga da ni na yi kuka, kuma na ɗauka raunin imani ne. Wani ɗalibina ya tuna mini hadisin da Muslim ya ruwaito: da Annabi (SAW) ya ce wanda ya so haɗuwa da Allah, Allah yana son haɗuwa da shi, Nana A'isha ta ce ai dukkanmu muna ƙin mutuwa. Bai tsawata mata ba. Ya bayyana mata cewa ba wannan ake nufi ba, mumini idan aka yi masa bushara da rahamar Allah a lokacin, sai ya so haɗuwar. Na karantar da hadisin nan sau da yawa, amma sai a kan gadon asibiti ya shige ni.

A daren na nemi takarda. Na rubuta bashin da ake bina da wanda nake bi, da ajiyar mutane da ke hannuna, da sunan mutum biyu da na ɓata wa. Hannuna yana rawa, amma da na gama na yi barcin da na kwana biyu ban yi ba. Wasu suna gudun wasiyya kamar ita ke kiran ajali. Sa'ad bn Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka shekarar Hajjin Bankwana har ya fid da rai, a nan aka iyakance masa wasiyya ga sulusin dukiya, ya kuma tashi ya rayu sama da shekara 40. Tawa takardar sau uku ina sabunta ta.

Ɗan Autan Inna

Baba, ku gafarce ni, ban kai sa'anku ba, shekarata 41. Mahaifiyata a shekararta ta ƙarshe takan fara, "Idan na mutu..." sai in tare ta: "Haba Inna, daina faɗin haka, ke za ki ga auren jikokinki." Sai ta yi murmushi ta yi shiru. Na ɗauka ƙarfafa mata gwiwa nake yi. Bayan ta rasu muka sami wata 'yar takarda a ƙarƙashin matashinta, ta fara rubutu layi biyu ta tsaya. Ban san abin da take son gaya mini ba, kuma ni na rufe mata baki, don tsorona ya fi nata. Baba, don Allah ku gaya wa Mama. Idan ta tare ku kamar yadda na yi, ku ce mata ta bari ku ƙarasa.

Mai Haƙuri

Ni dai nawa bai tafi ba. Na rubuta wasiyya, na je asibiti, ina addu'a, amma duk sanda aka ce wane ya rasu sai jikina ya yi sanyi kwana biyu. Bambancin kawai, yanzu idan ya zo ba na kwanciya ina kokawa da shi. Nakan tashi in yi alwala, in zauna har ya wuce.

Tsohon Malamin Makaranta

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya, na yi wa kaina tambayarki. Amsar farko mutuwa ce, ta biyu kuwa autana ne, da bai gama karatu ba. 'Yar'uwa Nas, na je an auna, jinina ya ɗan hau, an ba ni magani, gwajin zuciya kuma sai mako mai zuwa. Ɗana, takardar mahaifiyarka ta hana ni sakat. Allah ya jiƙanta. Shekaranjiya na farka ƙarfe 3 kamar kullum, sai na tashi maiɗakina na gaya mata. Ta yi shiru, can ta ce ai ta daɗe tana jin juye-juyena, idonta biyu, ita ma lissafin take yi. Mun zauna har aka kira salla. Mai Neman Gafara, yaya ka tsara takardar taka, basussuka ka fara rubutawa ko ajiyar mutane?