Kwafin tsofaffin motocin tsere: ya dace a shigo da shi Bauchi?

Abdulhamid Fadaman Mada:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota a madadin yayana, wanda ya daɗe yana tara tsofaffin motoci, har yana da Peugeot 404 da 504 da yake kula da su a gida. Yanzu hankalinsa ya karkata ga motocin tsere na shekarun 1960, musamman Shelby Cobra da Ford GT40, kuma da yake na asali sun fi ƙarfin aljihunsa, an ba shi shawarar ya sayi kwafi. Shin wannan kwafin ba jabu ba ne? Yana riƙe daraja idan an tashi sayarwa? Kuma zai yiwu a yi masa rajista a hau shi a nan Bauchi?

Injiniya Bappa, Gombe:
Wa alaikumus salam, Malam Abdulhamid. Kwafi ba ya zama jabu sai an sayar da shi da sunan na asali, kuma dalilin da ya sa ake ƙera shi a fili yake. Cobra ta samo asali ne a 1962, lokacin da Carroll Shelby ya ɗauko bodin motar AC Ace ta Ingila ya saka mata injin Ford V8, kuma duk waɗanda aka ƙera zuwa 1967 ba su wuce kimanin 1,000 ba. GT40, wadda ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, ɗari da 'yan kai kawai aka yi. Ferrari 250 GTO kuwa guda 36 ce a duniya, kuma an yi gwanjon ɗaya a 2018 a kan dala miliyan 48.4. Mai irin wannan motar ma yakan ji tsoron fitar da ita titi, balle wanda bai mallake ta ba.

Abin da ya kamata yayanka ya fahimta shi ne kwafin hawa-hawa ne. A can sama akwai wanda kamfanin asali da kansa ya sake ƙerawa, kamar yadda Jaguar ta sanar a 2016 cewa za ta ƙera XKSS guda 9 domin maye gurbin waɗanda suka ƙone a gobarar masana'antarta ta Coventry a 1957, kowace a kan fam sama da miliyan ɗaya. Ƙasa da wannan akwai masu ƙerawa da lasisi, irin su Superformance, wanda ake haɗa motocinsa a Afirka ta Kudu, a sayar da su cikakku amma babu inji da giya, mai saye ya zaɓi wanda zai saka. Sai kuma irin na Factory Five a Amurka, inda ake aiko maka da shasi da bodin faiba da sauran kaya a akwatuna, kai ko bakanikenka ku haɗa. A wannan mataki na ƙarshe ingancin motar yana hannun wanda ya ɗaure ta, shi ya sa za a ga guda biyu daga kamfani ɗaya, amma farashinsu ya yi nisa da juna.

Malam Sale Bakanike, Wunti:
Ranka ya daɗe Injiniya, bayaninka ya gamsar, amma zan ƙara abin da ya shafi ƙasarmu. Abu na farko shi ne sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, don haka motar da sitiyarinta yake dama ba ta samun rajista, alhali GT40 ta asali galibi sitiyarin dama gare ta, kuma masu son kwafi ya yi kama da ita sak sukan bar shi a haka. Dole ne a yi odar mai sitiyarin hagu tun daga masana'anta, domin juya sitiyari a irin wannan matsattsiyar mota aiki ne da ba zan ba kowa shawarar ya shiga ba.

Sannan lambar 40 da ke sunanta tsayinta ne daga ƙasa zuwa rufi, wato inci 40, mita ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma cikinta kusan a ƙasa yake. Duk tudun rage gudu da ke titunan cikin gari sai ya kankare ta. Cobra ta fi ta sauƙi ta wannan fuskar, sai dai ba ta da rufi, injinta na 427 lita 7 ne yana huro zafi a ƙafafun direba, ga salansa a gefe daidai inda mutum zai sauke ƙafa idan zai fita, wadda takan ƙona ƙwauri ko ta kama bakin babbar riga. Ku auna wannan da zafin watan Afrilu. Idan har za a saya, a nemi babban lagireto da fanka mai lantarki, sannan a rufe bakin kafireto da matatar iska mai kyau saboda ƙurar hunturu.

Alhaji Umaru Yelwa:
Ni a kan maganar daraja nake son in ja hankali, domin a nan ne nake ganin an fi ruɗin mutane. Motar asali tarihinta ake saye, wato wane ne ya tuƙa ta, a wane tsere, da wace lambar shasi, kuma kwafi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai lasisi yakan riƙe kuɗinsa a Amurka ko Turai saboda akwai masu nema, amma a nan idan yayanka ya tashi sayarwa masu tayawa kaɗan ne, bayan ya riga ya biya kuɗin jirgin ruwa da harajin kwastam da dala. Ya saye ta don sha'awa, kada ya ƙirga ta a cikin jari. Da ni ne, da na fara duba kwafin Porsche 356 Speedster, wanda akan ɗora a kan shasin Volkswagen Beetle da aka rage wa tsawo. An taɓa haɗa Beetle a Legas, an fara a 1975, injinta iska ce ke sanyaya shi, kuma har yanzu akwai tsofaffin makanikai da suka san shi ciki da bai.

Abdulhamid Fadaman Mada:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Injiniya, a takardun shigowa wace shekara za a rubuta, ta motar asali, kamar 1965, ko shekarar da aka haɗa kwafin?

Injiniya Bappa, Gombe:
Shekarar da aka haɗa ta za a rubuta, da sunan kamfanin da ya ƙera ta da lambar shasin da shi ya buga. Akan samu kwafin da takardarsa ta waje take ɗauke da 1965, kuma wannan na iya jawo gardama da jami'an kwastam, tunda akwai iyakar shekaru ga tsofaffin motocin da ake shigowa da su. Kafin yayanka ya tura ko sisi, ya sa a aiko masa da takardar shaidar ƙira daga masana'anta da rasidin inji, ya kai wa wakilin fito mai lasisi ya duba su.