Soson Tankin Columbia: Musayar Baituka

Baba Mai Rediyo

Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk shekara in Fabrairu ya kama sai na tuna 1 ga wata, 2003, ranar da kumbon Columbia ya tarwatse a samaniyar Texas da mutum 7 a ciki. Abin da ya ƙi barin raina shi ne taron manema labarai na 5 ga wata, wanda na gani a talabijin ɗin maƙwabcina, inda shugaban shirin kumbon a NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, Ron Dittemore, ya ɗaga guntun soso irin na jikin tankin man kumbon a hannu. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake buɗe baiti,
Mai riƙe sammai ba sa faɗowa.

Ran Asabar ce, ana cinikin raguna,
Babbar Sallah tana ta matsowa.

Na kunna rediyo bayan la'asar,
Sai ga labari mai girgizawa.

Columbia ya kwana 16 a sama,
Ya kamo hanyar gida yana saukowa.

Saura minti 16 ya taka ƙasa,
Cibiyar Houston na ta kira, ba mai amsawa.

Kwana 4 sai ga shugaba a zaune,
Da guntun soso yana nunawa.

Ya ce shi hankalinsa bai kama ba,
A ce wannan ne sanadin rushewa.

Ni ma a ranar na gaskata shi,
Don soso a hannu ba ya cutarwa.

To 'yan boko, ku warware mini,
Ta yaya abu mai laushi ke kashewa?

Mai Gyaran Firij

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan ta taɓa sana'ata, don soson da ke cikin bangon firij ɗan uwan wanda aka fesa wa tankin man kumbon ne.

Baba ka tambaya, ga amsar ɗanka,
Tushen maganar nan duka sanyi.

Tankin nan babba mai ruwan goro,
Mita 47 ne in ka auna tsayi.

Haidirojin da oksijin ke cikinsa,
Sun zama ruwa, an sauya musu yanayi.

Digiri 253 ƙasa da sifiri,
In ba a rufe shi ba, ƙanƙara zai yi.

Shi ya sa a New Orleans ake fesa masa
Soso, a bi shi layi bayan layi.

Amma a lungun da hannu ya fesa,
Kogo kan saura, komai iya yi.

Sakan 82 da barin ƙasa,
Guntu ya ɓalle, bai kai kilo ba a nauyi.

Girmansa kamar jakar ma'aikaci,
Ya daki fiffiken hagu, ya yi abin da ya yi.

Gudunsa ya haura kilomita 800 a awa,
A haka ko auduga aikin dutse za ta yi.

Malamar Kimiyya

Ƙanina ya faɗi yadda aka yi ɓarnar. Ni abin da ke ci mini rai shi ne kwanakin da kumbon ya yi a sama da rami a fiffike, mutanen ƙasa suna ta taro suna tashi.

Ƙanina, ka kawo ilimin soso,
Amma ciwon a nan bai tsaya ba.

Washegarin tashi an ga hoton bugun,
Ba mai cewa ido bai gani ba.

Injiniyoyi suka ce a roƙi sojoji
Su hasko fiffiken, ba a amince ba.

Injiniya Rodney Rocha ya rubuta damuwarsa,
Wasiƙar mai zafin bai aika ta ba.

Kwamitin Linda Ham mai lura da tafiyar ya zauna ya tashi,
Aka ce aikin gyara ne, ba haɗari ba.

An tura wa kwamanda Husband saƙo can a sama,
Kar ɗan jarida ya tambaya bai sani ba.

Aka ce masa babu abin damuwa,
Ya yi godiya, bai yi zargin komai ba.

Me ya kawo haka? Soso ya saba zuba,
Tun tashin farko bai taɓa dainawa ba.

A Oktoban 2002, wata 3 kafin nan,
Ya lotsa rokar kumbon Atlantis, ba a dakata ba.

Duk tashin da aka dawo lafiya
Sai ya zama shaidar ba a yi kuskure ba.

Sabo turken wawa, in ji magabata,
Ashe masana ma bai ƙyale su ba.

Baba, cikon amsarka ta zo ne ran 7 ga Yulin 2003 a San Antonio. Masu bincike suka harba soso da bindigar iska a kan irin allon da ke bakin fiffiken, ya huda rami mai faɗin kusan santimita 40. Ta irin wannan ramin iska mai tsananin zafi ta shiga ta narkar da ƙarfen ciki. Rahoton kwamitin Admiral Harold Gehman da ya fito a Agusta ya ɗora laifi a kan soso da kuma al'adar hukumar NASA, kafaɗa da kafaɗa.

Autan Zaure

Anti Malama, a yi mini afuwa,
Ai bayan kuka an zauna an gyara.

Shekara 2 da rabi ba kumbo irinsa da ya tashi,
An cire tudun soson, an dasa kyamara.

26 ga Yulin 2005 kumbon Discovery ya ɗaga,
Eileen Collins ke jan ragama da dabara.

Ta juya cikinsa gaban tashar sama,
Aka ɗau hoto, ba lungun da ya saura.

Steve Robinson ya shiga ƙarƙashin kumbo,
Ya zare ƙyalle 2 da yatsu, da hattara.

Suka sauka California 9 ga Agusta,
Ni dai, Anti, na kira wannan nasara.

Malamar Kimiyya

Auta, na yarda an yi ƙoƙari,
Sai dai baitinka bai cika ba.

A wannan tashin, minti 2 da ɗagawa,
Wani guntun ya ɓalle, sa'a ce bai daka ba.

Abin da ya sauya yana teburin jarida,
Shugaban shirin, Bill Parsons, ya ce sun yi kuskure, bai ɓoye ba.

Ya ce ba kumbon da zai sake tashi
Muddin ba a gano bakin zaren ba.

Tsohon Ɗan Jarida

Yaya Baba, na sha zama a gaban masu ba da bayani, na san mai noƙewa na san mai ruɗewa. Dittemore ya riƙa fitowa kusan kullum yana amsa tambayoyi alhali abokan aikinsa ne suka mutu, kuma washegarin ɗaga soson ya dawo ya ce ba a cire shi daga zargi ba. Ina so a saka wannan a ma'auni.

Yaya, ka tuna hannun da ya ɗaga soso,
Ni muryarsa mai rawa nake tuna.

Bai zo da ƙarya a aljihunsa ba,
Abin da gidansu ya yarda da shi ya nuna.

Ciwon ke nan: gida guda ya gaskata,
Mai shakka ya rasa wajen yin magana.

Mu ma da ke riƙe da alƙalami,
Sai da wuta ta ci muka san ƙuna.

Da can in an ce soso ya zuba,
Kan shafin ƙarshe labarin ke kwana.

A 2006 na ga abin da ya burge ni,
Manya 2 suka ƙi, kowa da suna.

Bryan O'Connor mai kula da kariya,
Da Chris Scolese, suka riƙe amana.

Suka ce soson da ya rage bai gyaru ba,
Aka faɗa wa duniya da tsakar rana.

Michael Griffin, shugaban NASA a lokacin, ya ce za a tashi,
Ya ɗau nauyin, a gaban kowa ya bayyana.

4 ga Yuli Discovery ya ɗaga,
Na bi shi da ido, zuciya ta ƙi zauna.

Har yau ban gama yanke wa kaina hukunci a kan shawarar Griffin ba. Hujjarsa ita ce ko da soso ya yi ɓarna, 'yan sama jannatin za su fake a tashar sama har a aika wani kumbon ya ɗauko su. Columbia bai da wannan mafakar, don hanyarsa daban take da ta tashar.

Baba Mai Rediyo

Na gode 'ya'yana, na gode ƙanina,
Yau na fahimci abin da ke damuwa.

Na janye fushina ga mutum guda,
Amma hoton da aka hana yana sosawa.

Gutsattsari 84,000 aka tsinto,
A daji da gona mutane na zagawa.

Bari in kira su 7 da sunansu,
Don tun ɗazu soso muke ambatawa.

Rick Husband ne shugaban tafiya,
William McCool na gefensa yana tuƙawa.

Michael Anderson da David Brown,
Laurel Clark likita, ɗanta na jiran dawowa.

Kalpana Chawla haifaffiyar Karnal,
Ilan Ramon daga Isra'ila ne cikewa.

Iyalansu na tsaye bakin filin Florida,
Agogo ya cika, ba kumbon da ke tahowa.