Teku ba Kogin Wudil ba ce: wa ta taɓa ja?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Sallah ta matso, yara sun sa ni gaba sai mun je bakin teku, ni kuwa tun abin da ya same ni bara a bakin tekun Lekki, nan Ikko, gabana ke faɗuwa. A Wudil na tashi, na sha haye kogi da iyo, don haka na ɗauka ruwa duk ruwa ne. Na zaɓi wurin da igiya ba ta fashewa, ya yi luf, ya fi sauran duhu. Ruwa iya ƙugu fa. Kafin in ankara yashi ya zame min a ƙafa, masu dawakin haya da ke gaɓa sun koma 'yan mitsi-mitsi. Ina iyo zuwa tudu, tudu na ƙara nisa. Masunta ne suka tsamo ni, cikina fal ruwan gishiri. Wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Mai Kifi: Barka da arziki, Malam. Wurin nan da ka ga ya kwanta, nan ne ruwan da igiya ta turo gaɓa yake bi ya koma, kamar kwalbati. Ba ƙasa yake danna mutum ba, ciki yake kai shi, gajiya ce ke kisa. Ni ma ya ja ni sau biyu. Na biyun ban yi kokawa da shi ba, na kwanta rigingine na ɗaga hannu, sannan na yi iyo ta gefe, a jere da gaɓa, har na fita daga bakinsa. Ba shi da faɗi sosai.

Maman Nima: Mu nan Akara, bakin tekun Labadi ake cika ranar Sallah. Ko shiga ban yi ba, tsaye nake ruwa iya idon sawu, na juya baya ana ɗaukata hoto. Igiya ɗaya ta kwashe ni, hijabi ya jiƙe ya nannaɗe min fuska, na kasa miƙewa. Wayar ma ta tafi. 'Yan uwa mata, kar ki juya wa teku baya, kuma hannun yaro kar ya bar naki.

Baban Obalende: Alhaji, in dole ne, ku hau kwale-kwale zuwa Tarkwa Bay, katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa tana kare ta daga manyan igiyoyi. A sa wa kowa rigar ceto tun daga jirgi. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, teku a fusace take. Ina nan Ikko a Agustan 2012 da ta yi toroƙo cikin dare ta cinye rumfunan bakin tekun Kuramo da mutane.

Mai Kifi: Kuma in ka ga jar tuta ko ka ji an busa usur, fito kawai, ba sai an yi gardama ba.

Ɗan Agege: Na gode. Maman Nima, na nuna wa uwargida saƙonki, ta ce ita tabarma za ta shimfiɗa can nesa, ta riƙe mana takalma.