Wuraren da baƙo zai iya gani a Mumbai idan yana tare da dattijo

Baban Hafsa:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san birnin Mumbai na ƙasar Indiya. In Allah ya yarda, a watan Janairu ni da ƙanwata za mu raka mahaifinmu a duba lafiyarsa a wani asibiti da ke can, kuma an riga an shaida mana cewa tsakanin gwaje-gwajen farko da fitowar sakamako za mu samu 'yan kwanaki da ba mu da abin yi. Baba ya haura shekara 70. Yana tafiya da ƙafarsa, amma gwiwa tana damunsa wajen hawa matakala, kuma ba ya jure doguwar tsayuwa cikin rana. Ba na son ya riƙa wuni a ɗakin otal yana tunanin ciwo, domin mutum ne mai son tarihi da ganin yadda wasu al'ummai suke rayuwa. Waɗanne wurare ne za mu iya kai shi ba tare da mun wahalar da shi ba? Wani ya ba ni labarin kogunan dutse da aka fafe a tsibirin Elephanta, shin tafiyar za ta yiwu da shi? Ina kuma son sanin inda za mu yi sallar Juma'a da inda ake samun abincin halal mai tsafta. Ita kuwa ƙanwata burinta ta ga inda ake shirya fina-finai.

Alhaji Mai Yadi:

Wa'alaikumus salam, Baban Hafsa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Harkar yadi ce take kai ni garin, saboda haka kudancinsa na fi sani, kuma a can ne yawancin abin da dattijo zai ji daɗin gani yake.

Abu na farko shi ne ka fahimci fasalin garin. Asalinsa tsibirai bakwai ne da aka cike tsakaninsu da ƙasa, shi ya sa ya zama dogo siriri daga kudu zuwa arewa, kuma da safe duk jama'a kudu suke nufa, da yamma su juya arewa. Idan asibitinku yana wajen Andheri ko Bandra, tafiyar da taswira ta nuna maka kusa za ta iya cinye muku fiye da awa guda a mota. Ku fita bayan ƙarfe goma na safe, ku komo kafin biyar, kuma kada ku haɗa kudu da arewa a rana ɗaya. Adaidaita sahu ba ya shiga kudancin gari, iyakarsa Bandra da Sion. Daga nan sai tasi mai launin baƙi da rawaya, wadda take aiki da mita, ko Uber.

Ku fara da Gateway of India a unguwar Colaba. Ƙatuwar ƙofa ce ta dutse a bakin teku, mai tsawon mita 26, an gina ta don tunawa da zuwan Sarki George na Biyar a 1911, aka kammala a 1924, kuma ta nan rukunin ƙarshe na sojojin Ingila suka shiga jirgi suka bar ƙasar a 1948. Filin shimfiɗaɗɗe ne, babu hawa, sai dai akwai binciken jami'an tsaro a mashiga. Otal ɗin Taj Mahal Palace, wanda aka buɗe a 1903, yana fuskantarta. Masu ɗaukar hoto za su yi muku caa, ku yi ciniki kafin su danna.

Daga nan ku sa direba ya bi da ku ta tashar jirgin ƙasa ta Chhatrapati Shivaji Maharaj, wadda a da ake kira Victoria Terminus. Ba sai Baba ya shiga ciki ba, domin akwai dandalin da aka tanada a tsallaken titi don masu kallon ginin. Daga wannan wurin ne jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi zuwa Thane a 1853. Da la'asar kuma ku je Marine Drive, titin da ya lanƙwasa da bakin teku fiye da kilomita 3, inda akwai dakali dogo da kowa yake zama ya sha iska har faɗuwar rana. A ganina nan ne Baba zai fi samun natsuwa.

Elephanta kam ban ba ka shawara ba. Kusan awa guda ce a jirgin fito daga Gateway, shiga jirgin da fita daga cikinsa suna buƙatar ƙafa mai ƙarfi saboda yana tangaɗi, sannan akwai matakala wajen 120 kafin a kai kogunan.

Juma'a kuwa, ku je Jama Masjid da ke kusa da kasuwar Crawford. Tsohon masallaci ne da aka ɗora a kan tafki, ginshiƙansa suna fitowa daga cikin ruwa, har da kifaye a ciki. Ku isa da wuri, domin lungunan unguwar suna cika maƙil, tamkar Kantin Kwari a jajibirin Sallah. Kasuwar yadi ta Mangaldas tana nan dab da shi idan ƙanwarka tana son tsaraba, amma yawancin shagunan ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Maman Yusra:

Malam, ina yi wa Baba fatan samun sauƙi. Na yi jinyar yayata a garin, kuma abin da Alhaji ya faɗa game da cunkoso gaskiya ne. Zan ƙara da abin da bai taɓo ba.

Kusan duk Musulmin da ya je Mumbai za a ce masa ya je Haji Ali. Masallaci ne da hubbaren wani bawan Allah, Pir Haji Ali Shah Bukhari, a kan ɗan tsibiri a cikin teku kusa da Worli, kuma ana danganta gininsa da shekarar 1431. Ana isa wurin ne ta wata siririyar hanya mai kusan rabin kilomita, ruwa dama da hagu, kuma idan teku ta cika sosai ruwa yana hawa kanta, a rufe ta har sai ya janye. Don haka kafin ku fita ku duba jadawalin cikar teku na ranar a intanet, ko ku tambayi ma'aikatan otal, ku nufi lokacin da ruwa ya ja baya. Hanyar ba ta da inuwar kirki kuma ba wurin zama. Gefe guda masu sayar da furanni da turare da mayafan da ake lulluɓa kabari ne, ɗaya gefen kuma mabarata ne a jere, wasu kwance a kan tabarma suna ambaton Allah da murya ɗaya, kuma inda igiyar ruwa ta fantsamo dutsen yana da santsi. Ku riƙe hannun Baba, ku je da sanyin safiya, ku guji Alhamis da Juma'a saboda turmutsutsu. Mata suna shiga, da nasu ɓangaren. Na san mutanenmu sun bambanta a kan ziyarar hubbare, kuma za ku ga abubuwan da ba lallai ku saba da su ba. Wanda ransa bai kwanta ba yana iya yin sallarsa a masallacin ya fito, ko ya tsaya daga bakin titi, domin daga can ma ginin yana fitowa fari fes a tsakiyar ruwa.

Maganar abinci ita ce ta fi damuna, tunda gwaji ya kai ku. Halal ba ya wuya: titin Mohammed Ali da unguwannin Mahim da Kurla cike suke da gidajen abincin Musulmi, akwai biryani da gasasshen nama da gurasa mai zafi. Naman da za ku fi samu na akuya ne da kaza, domin dokar jihar Maharashtra ta hana yanka shanu. Matsalar ita ce yaji da maiƙo, don haka ku ce a rage tun wajen oda, kuma ku tambayi likita abin da ya halatta Baba ya ci kafin a gama gwaje-gwajen. Ruwan roba mai hatimi kaɗai za ku sha. Kayan ƙwalam na bakin teku a Chowpatty da Juhu suna da jan hankali, amma wanda ake zuba wa ruwan tsami a ciki, wato pani puri, kada Baba ya taɓa shi. Haka kuma a watannin sanyi iskar garin takan yi hazo da hayaƙi, saboda haka ku riƙe masa takunkumi idan yana da matsalar ƙirji.

Ƙanwarka kuma ta rage buri kaɗan. Film City yana Goregaon, can arewa, an kafa shi a 1977, kuma ana shiga ne ta hanyar yawon da aka tsara a motar bas bayan an sayi tikiti. Za ta ga gine-ginen da ake amfani da su a matsayin kotu ko asibiti ko wurin bauta, amma da wuya ta ga wani jarumi. A Bandra ma mutane suna cincirindo a ƙofar gidan Shah Rukh Khan, abin da suke samu hoton katanga ne. Idan za ta je, ku raka ta ranar da Baba yake hutawa.

Malamin Tarihi daga Damagaram:

Ina gaishe ku duka. Na yarda da Alhaji cewa Elephanta ba ta dattijo ba ce, ko da yake akwai masu ɗaukar mutum a kujera su hau da shi idan an biya su. Inda na saɓa da shi shi ne kai kanka, Baban Hafsa, bai kamata ka bari ta wuce ka ba idan ƙanwarka za ta zauna da Baba na rabin yini. An fafe kogunan ne daga dutse guda kusan shekara 1,500 da suka wuce, da ginshiƙansu da komai, ba a kawo ko tubali ɗaya daga waje ba, kuma a ƙuryar babban kogon akwai sassaƙen Shiva, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, mai fuska uku da ya kai kusan mita 6. Wurin bautar Hindu ne na da, kuma ni na dube shi ne a matsayin shaidar abin da hannun ɗan Adam ya iya yi da guduma da kurfi. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Ba a buɗewa ranar Litinin, kuma kada ka riƙe abinci a hannu saboda birai suna fizgewa.

Shi Baba, tunda mai son tarihi ne, ku kai shi babban gidan tarihin da a da ake kira Prince of Wales Museum, wanda bai da nisa da Gateway. An buɗe shi a 1922, yana da lambu da wuraren zama, kuma a cikinsa akwai zane-zanen zamanin daular Mughal da sulken Sarki Akbar. Baƙi 'yan ƙasar waje suna biyan kuɗin shiga fiye da 'yan ƙasa. Ku nemi keken marasa lafiya tun daga ƙofa, domin ɗakunan suna da yawa.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba gine-gine ba ne, waɗanda nake ganin sun fi nuna yadda garin yake numfashi. Wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, a gaban tashar Churchgate, za ku tarar da masu dakon abinci da ake kira dabbawala, sanye da fararen huluna, sun baza kwanukan abincin rana a bakin titi suna rarraba su bisa alamomin da aka rubuta a jiki. Kowane kwano daga gidan mai shi ya fito da safe, ya hau keke da jirgin ƙasa, kuma zai isa ofishinsa kafin azahar. Sana'ar ta faro tun 1890. Na biyu shi ne Dhobi Ghat, matattarar masu wanki da ke Mahalaxmi. Daga kan gadar da ke kusa da tashar ana hango ɗaruruwan kwamin siminti da igiyoyin shanya, tasi za ta tsaya, Baba ya leƙa na 'yan mintuna ya koma mota.

Baban Hafsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Baba, ya ce masu dakon abincin nan da masallacin kan tafki su ne a gaba. Ya kuma ce yana son ya hau jirgin ƙasan garin ko da tasha biyu ce. Alhaji, hakan zai yiwu?

Alhaji Mai Yadi:

Zai yiwu, amma da sharaɗi. Ku hau daga Churchgate, domin nan ne farkon layi, jirgin yana tsaye a can za ku samu kujera ba tare da ture-ture ba, kuma ku zaɓi tsakar rana, tsakanin sha biyu da uku. Ka sayi tikitin jirgi mai na'urar sanyi, wanda ƙofofinsa suke rufewa da kansu, domin na gama-gari a buɗe suke tafiya. Akwai taragon mata zalla, kada ku shiga bisa kuskure, ana cin tara. Ƙanwarka ta zauna tare da ku a na kowa. Yawancin tashoshin kan hanya sai an hau gada mai matakala kafin a fita, don haka ka tambayi mai sayar da tikiti wace tasha ce take da lif kafin ka yanke inda za ku sauka. Kuma tun daga gida kada ku manta da katin rigakafin cutar shawara na ku ukun, domin ana neman sa a filin jirgi daga duk wanda ya taso daga Najeriya.