Muhawara: Shin katantanwar da ke cikin duwatsun Sakkwato ragowar Ruwan Ɗufana ce?

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Jiya yarona ya dawo daga makaranta yana ce mini wai duniya ta shekara biliyan 4.5. Wallahi raina ya ɓaci. Mu da muka taso, abin da muka ji shi ne daga Annabi Adamu zuwa yau shekara dubu shida ne ko bakwai, kuma duk ƙasusuwa da katantanwar da ake tonowa a daji Ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu ne ya binne su.

Injiniya: Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai da hannuna na taɓa su. Na yi shekaru ina aikin fasa dutsen siminti a Kalambaina. Sai ka fasa dutse ka ga katantanwar teku a ciki, zane-zanen bayanta ɗaya bai goge ba, ita kanta ta koma dutse. Ina da guda uku a kan tagar ɗakina. Amma ka lura da wani abu. Ambaliya in ta zo, komai take haɗawa: akuya, tukunya, itace, mutum. Mu kuwa ba mu taɓa cin karo da ƙashin mutum ko na saniya ko katangar tukunya ba. Kuma ƙasar hawa-hawa take. Can ƙasa, a shimfiɗar Dukamaje, aka samo wani ƙaton dabbar teku mai kama da kada, har aka sa masa sunan Goronyo, wato Goronyosaurus. A shimfiɗun Dange da Kalambaina da ke samansa babu shi ko ɗaya. Teku ya shigo, ya janye, ya sake dawowa da wasu halittun daban. Wannan ba aikin ruwa ɗaya ba ne.

Alaramma: Baban Hanifa, Allah ya saka maka da alheri kan kishin addini. Sai dai a faɗi gaskiya, wannan adadi na shekara dubu shida ko bakwai babu shi a Alƙur'ani, babu shi a hadisi ingantacce. Wasu littattafan tarihinmu sun kawo shi, amma daga Isra'iliyyat ya shigo. Wanda ya fi shahara da lissafin ma wani limamin Kirista ne na ƙasar Ayalan, Ussher, wanda a 1650 ya ƙirga zuriyoyin da ke cikin Baibul ya ce an halicci duniya a shekarar 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Alƙur'ani ya ce kwana shida, haka ne. Amma a Suratul Hajji ya ce yini ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne, a Suratul Ma'arij ya ambaci yinin da tsawonsa shekara dubu hamsin ne. Kar mu ɗora wa Littafi abin da bai faɗa ba.

Baban Hanifa: Na ji, Allah gafarta Malam. To su wa ya ba su biliyan? Suna nan aka yi?

Malama Larai: Awo suke yi Yaya. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale. Da aka auna katakonsa aka samu ya kai shekara 8,000. Shi kaɗai ya girmi dubu shidan. Sinadarin kabon da ake aunawa rabinsa kan ƙare duk bayan shekara 5,730, don haka ba ya aiki in abu ya wuce shekara dubu hamsin. Duwatsu da yuraniyam ake auna su, saboda a hankali yake rikiɗewa ya koma darma, kuma an san saurinsa.

Ɗan Yamai: Ku zo gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ku ga ƙwarangwal ɗin dinoso da idonku. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere, aka tono wani dinoso, Nigersaurus, mai haƙora wajen 500. Wurin da yau babu ko ɗigon ruwa, da koguna ne.

Baban Hanifa: Shekarun na sassauta. Amma maganar wai mutum daga biri ya fito fa? Wannan ba zan taɓa yarda ba.

Malama Larai: Masanan ba su ce birin da kake gani a dutse shi ya haifi mutum ba. Cewa suka yi tushe ɗaya ne can baya, suna kafa hujja da ƙwayoyin gado da irin ƙoƙon kan Toumai, wata halitta mai kama da mutum, da aka samo a hamadar Djurab ta Chadi a 2001, mai shekara kusan miliyan 7. Sauyawar halitta kuwa muna ganinta. Kulorokwin da muka sha muna yara, har da ƙaiƙayinsa, me ya sa aka daina ba da shi? Ƙwayoyin maleriyar da suka jure masa su suka rayu suka hayayyafa. Sikila ma haka: mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ta yi yawa a ƙasashenmu.

Alaramma: Wannan ban musa ba Malama, ikon Allah ne yake gudana ta hanyar sababi. Amma ƙwayar maleriya ta sauya, tana nan dai ƙwayar maleriya. Annabi Adamu kuma nassi ya zo ƙarara: daga yumɓu, ba uwa ba uba. Dabbobi da duwatsu ku bincika iya iyawarku. A nan kam na tsaya.

Malama Larai: Ni ma Musulma ce Malam, kuma wannan gaɓar tana hana ni barci wani lokaci. Abin da nake yi a aji, ina nuna wa yara hujjar masanan yadda take, ba na ɓoye ta, ba na kuma ce musu ƙarya ce. Na ga yaran da aka ce wa duk ƙarya ne, suka je jami'a suka ga ƙasusuwan, sai suka fara shakkar malaman da suka rene su.

Baban Hanifa: Injiniya, ranar Asabar bayan La'asar zan kawo maka yaron. Ka ajiye mana katantanwar nan, ni ma ina so in riƙe ta a hannuna.